Shekara guda ana yada zango gari-gari da mata da yara: mai yiwuwa ne a ƙasar nan?

Abban Sadiq (Barnawa):
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da nake so ku taya ni dubawa, don na san a cikinmu akwai malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da dattawan da suka ga jiya. Aikina duka a kwamfuta yake, in dai akwai wuta da intanet ko'ina na zauna zan yi shi. Hayar gidanmu a nan Kaduna za ta ƙare ƙarshen watan Agusta, mai gida kuma ya kusa ninka kuɗin. Shi ne nake tunanin mu ajiye kayanmu a gidan Hajiyarmu a Tudun Wada, mu ɗauki shekara guda muna zagaya garuruwan Arewa, ni da maiɗakina da yaranmu uku. Ba yawon kwana biyu nake nufi ba, irin wanda za a ɗauki hoto a ƙofar fada a juyo. So nake mu zauna a kowane gari wata biyu ko uku, mu san masallacin unguwa, mu san kasuwa, yara su yi abokai. Sadiq shekararsa 10, Hanan 7, autan bai cika 2 ba. Yaran nan sun san sunayen biranen Amurka daga talabijin, amma ba su taɓa ganin ganuwar Zariya ba, ga ta nan kusa, kamar kilomita 80. Abin yana damuna ƙwarai. Me kuka gani?

Malam Lawal (Kawo):
Wa alaikumus salam. Ƙanina, ni dai ban goyi baya ba, kuma ba zan ɓoye maka ba. A wannan zamanin da mutum zai je Kachia sai ya yi ta kiran waya yana tambayar lafiyar hanya? Ba mu manta 28 ga Maris 2022 ba, jirgin ƙasa ne fa aka tare tsakanin Abuja da Kaduna, abin da muke ganin ya fi komai aminci, kuma sai watan Oktoba aka sako mutanen ƙarshe. Akwai ƙananan yara a cikin waɗanda aka tafi da su. Turawan da kake gani suna wannan rayuwar a cikin mota, ƙasarsu daban, tamu daban. Ka nemi gida mai sauƙi a Rigasa ko Mando ka zauna da iyalinka.

Abban Sadiq:
Yaya Lawal, na gode, kuma gaskiya ka faɗa. Amma duba: wanda yake sintiri Abuja duk Juma'a ya dawo Lahadi, ya fi ni yawan hawa titi nesa ba kusa ba. Ni a shekarar gaba ɗaya tafiyar da za mu yi ba ta wuce huɗu ko biyar ba, da rana tsaka, a manyan hanyoyi. Sauran lokacin a zaune muke.

Malam Lawal:
A zaune, amma a matsayin baƙo. Baƙo mai mota da kwamfuta da ba ya fita aiki, kowa a unguwa zai sa masa ido.

Maman Walid (Unguwar Rimi):
Kafin a yi nisa, Abban Sadiq, ita uwargidan me ta ce? Na ji kana cewa "nake tunani", ban ji "muke tunani" ba. Kai kwamfutarka za ka buɗe a kowane gari aikinka ya ci gaba kamar ba a tashi ba. Ita ce za ta fara daga farko duk wata uku.

Alhaji Baba (Tudun Wada):
Yara, ku bar ni in sa baki. Lawal, da ka ce wannan rayuwar Turawa ce, nan ne ban yarda da kai ba. Kakanmu da ƙafa ya tafi aikin hajji, shi da matarsa da 'ya'yansa, mahaifina a lokacin yana ɗan yaro. Sun bi ta Borno, suka shiga Fort Lamy da yanzu ake kira Njamena, suka wuce Abeche, suka faɗa Darfur. In guzuri ya ƙare sai a tsaya. Damina ta same su a wani gari, su yi noma, su girbe, su sayar, su ƙara gaba. Sun yi aikin auduga a Jazira ta Sudan kafin su tara kuɗin jirgin ruwa zuwa Jidda. Shekaru suka yi kafin su dawo gida. Mahaifina a hanyar ya sauke Alƙur'ani, a hanyar ya iya Larabcin da har ya rasu yana yi da baƙi a kasuwa. Dubban mutanenmu ma ba su dawo ba, suna can har yau. Garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu mutanen Sarkin Musulmi Attahiru ne suka kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903.

Haka fataken goro da ke zuwa Gwanja. Wata da watanni suke yi a hanya da jakuna, akwai mata a cikin ayarin. Unguwannin zango da ke Kumasi da Accra daga nan suka samo asali.

To amma ga abin da nake so ka riƙe, ɗana. Babu wanda ya taɓa tashi shi kaɗai da iyalinsa. Ayari ake bi. Akwai madugu mai shugabanci, akwai jagaba da ya san hanya da inda ruwa yake, kuma duk garin da za a sauka akwai mai masauki da aka sani, shi zai tsaya maka in rigima ta taso, shi zai kai ka gaban mai gari. Kai waye madugunka? Waye mai masaukinka a Katsina? Sannan kada in faɗi daɗin in ɓoye ɗacin: ƙanwar mahaifina a hanyar aka binne ta, zazzaɓi ne na kwana kaɗan, ba magani kusa. Kakarmu har ta koma ga Allah tana ambaton sunan ƙauyen.

Maman Walid:
Allah ya jiƙansu da rahama, Baba.

Abban Sadiq:
Amin. Baba, Allah ya ƙara girma. Maganar mai masauki ta shige ni. A Zariya ina da abokan karatu, a Kano akwai dangin maiɗakina, a Jos akwai wani aminin mahaifinmu. Katsina da Sakkwato ne ba ni da kowa.

Alhaji Baba:
To ka cire su a lissafi tukuna.

Malama Hadiza (Malali):
Ni ɓangaren makaranta zan yi magana, don shi ne sana'ata. Farko dai a san doka: dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ɗora wa uba alhakin ganin ɗansa ya yi firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9 ke nan. Ƙasashe sun bambanta a kan koyar da yaro a gida. A Amurka an yarda, a Jamus an hana. Mu nan ba mu da wani tsari da aka shimfiɗa wa mai son yin haka, saboda haka ni ba zan ba ka shawarar cire su daga makaranta ba.

Abin da zai taimake ka shi ne manhaja ɗaya ce a ƙasa baki ɗaya. Abin da ɗan aji biyar yake koyo a Kaduna shi ake sa ran ɗan aji biyar na Jos yake koyo. Amma a aikace kowace makaranta da littattafanta da saurinta. Wata ta gama darasi a zangon farko, wata sai a na uku za ta taɓa shi. Yaron da ke tsalle tsakaninsu zai iya maimaita abu ɗaya sau biyu, wani abin kuma ya wuce shi gaba ɗaya ba wanda ya lura. A Turanci da Hausa wannan ba ya yin illa sosai. A lissafi yana yi, don kowane darasi a kan na bayansa yake zaune.

Saboda haka in har za ku yi, ka manta da "wata biyu ko uku". Ka ɗaura tafiyar a kan zangon karatu: Satumba zuwa Disamba gari ɗaya, Janairu zuwa Afrilu gari ɗaya, daga nan zuwa Yuli gari ɗaya. Gari uku ke nan, ba biyar ba. Ku tashi a lokacin hutu. Ka karɓi sakamako da takardar canjin makaranta duk inda za ku bari, kuma ka roƙi malamin lissafi ya rubuta maka da hannunsa inda ya tsaya. Ka kuma sa a kasafinka cewa kowace makarantar kuɗi sai ta karɓi kuɗin rajista da yunifom da littattafai sabo fil. Sadiq aji nawa zai shiga?

Abban Sadiq:
Aji biyar, Malama.

Malama Hadiza:
To bana ce damarka. Baɗi yana aji shida da jarrabawar shiga sakandare a gabansa, ba zan so a motsa shi ba.

Ustaz Kabiru (Rigasa):
Ƙari a kan na Malama. Karatun Alƙur'ani ya fi sauƙin ɗauka a tafi da shi, babu unguwar da za ka sauka a Arewa ba ka sami malami ba. Abu ɗaya za ka kula: yawancin Islamiyyu da ruwayar Hafsu suke karantarwa, makarantun allo na zaure kuwa Warshu ne. In yaran sun saba da ɗaya, ka tambaya kafin ka miƙa su, kada bakin yaro ya cakuɗe. In malaminsu na nan zai yarda su riƙa yi masa tilawa ta waya sau ɗaya a mako, ya fi.

Jauro Bello (Kachia):
Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa, na ga ana maganar rayuwar da aka haife ni a cikinta. Ni a ruga na tashi. Da rani mu gangara kudu neman ciyawa da ruwa, damina ta sauka mu dawo. Sai daga baya iyayenmu suka zauna a Ladduga.

Abban Sadiq, abin da mutanen gari ba sa gani shi ne, yaron ruga ba ya jin an tashi. Wurin ne yake canjawa, amma mutanen ba sa canjawa. Kakarsa tana nan, 'ya'yan baffansa da suke wasa tare suna nan, shanun da ya san kowace da sunanta suna nan. Inna ta kafa bukka, ta jera ƙorai a gefen da ta saba jera su, gadon kara a inda yake kullum, to gida ya samu. Kafin a tashi kuma sai an tura mutum ya je ya dubo wurin, ya ga ruwa, ya gaida mai gari, ya dawo da labari. Yaranka in sun bar Barnawa kowa za su bari, sai kai da mahaifiyarsu. Wannan nauyi ne babba a kanku biyu, don ku ne za ku zama abokan wasa da kakanni da maƙwabta gaba ɗaya har su saba.

Maganar karatu kuwa, mu muka san tsadarsa. Gwamnati da kanta ta gane cewa makarantar da ke tsaye wuri ɗaya ba ta kama ɗan makiyayi, shi ya sa aka kafa Hukumar Ilimin Makiyaya a 1989, Farfesa Jibril Aminu ne ya tsaya wa maganar lokacin yana ministan ilimi, hedikwatarta ma nan Kaduna take. Aikinta ya haɗa har da 'ya'yan masunta masu ƙaura. A irin wannan makarantar na fara koyon baƙi, a ƙarƙashin bishiya. Amma yayyena da suka riƙa bin shanu duk rani ba su wuce aji uku ba, don in sun dawo an yi musu nisa. Ni da aka bari wurin kakata na yi karatu. Kuma yau da yawa daga cikin masu tashin ba don so suke yi ba. An nome burtali, ɓarayin shanu sun hana zama. Ban ce kada ka yi ba. Ina jin daɗin yadda kake son yaranka su san ƙasa, don abin da na koya a hanya game da bishiyoyi da yanayi da halin mutane, ban same shi a aji ba.

Alhaji Baba:
Jauro, Allah ya yi maka albarka. Abin da nake ta kewaye-kewaye in faɗa ke nan.

Anti Rabi (Kurmin Mashi):
Ni 'yar soja ce, a bariki na girma. Jaji, Enugu, Legas, Maiduguri, duk mun zauna. Ina jin Ibo daidai gwargwado, ina ciniki da Yarbanci, kuma ba a taɓa kai ni wurin da na ji tsoron mutane don yarensu ko addininsu ba. Wannan kyautar tafiya ce ta ba ni, kuma a garin nan namu da aka raba mu tsallaken kogi da wannan tsallaken, ina ganin yaranmu suna buƙatarta.

Abin da na rasa shi ne ƙawar ƙuruciya. Ranar bikina ƙawayen amarya duk na aro ne daga dangi. Tun ina ƙarama na koyi kada in shaƙu da kowa sosai tunda za a tashi, kuma halin ya bi ni har girma. Hanan da ke shekara 7 ita nake ji. Ku riƙa gaya musu gaskiya tun ranar sauka cewa wata kaza za mu yi a nan. Ranar tashi a bar su su je su yi sallama gida-gida, a karɓi lambar iyayen abokansu. Mu da dare ake loda mota, da safe sai dai a ji mun tafi.

Sista Maryam (Kabala):
Ni autan nake kallo. Ku duba katinsa na rigakafi: ta ranar haihuwa, sati 6, sati 10, sati 14, wata 9, da ta ƙyanda ta biyu a wata 15. In akwai wadda ta rage a cike kafin a tashi, katin kuma ya zauna a jakar hannu, ba a cikin kayan da za a bari a Tudun Wada ba. Duk asibitin sha-ka-tafi na gwamnati zai ci gaba daga inda katin ya tsaya, kyauta.

Da damina akwai maganin kariyar zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, wata-wata. Baƙo yana da sauƙin tsallakewa, saboda haka ku tambaya da kanku. Gidan sauro ku tafi da naku. Ruwan sha shi ya fi kayar da yara a sabon wuri, a tafasa na autan. Lokacin zafi kuma, daga Fabrairu zuwa Mayu, shi ne lokacin sanƙarau, kada ku kama ɗaki mara iska don arha. Ranar da kuka sauka, tun kafin a kwance kaya, a san asibitin da ke karɓar yara da dare da hanyar zuwansa.

Ibrahim Dillali (Sabon Tasha):
Oga, ta ɓangarenmu ga matsala: masu gida shekara suke karɓa, wasu ma biyu. Wata uku ba wanda zai saurare ka. Gidajen da ake bayarwa na kwanaki da kaya a ciki, kuɗin wata ɗaya zai iya cinye rabin hayar shekara ta gida mai kyau. In kana ganin za ka yi rara ne, lissafa da kyau, ga tsadar mai tun da aka cire tallafi a 2023. Hanyar da na ga tana aiki ita ce sashen baya na gidan wani da ya san ka, ko gidan malamin jami'a da ya tafi karatu waje ya bar shi a rufe. A Samaru da Kongo da ke Zariya ana samun irin wannan.

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum. Maman Walid, na ga tambayarki, na gode da kika tuna da ni. Ni ce ma na fara kawo maganar, ba shi ba. Tun ina makaranta nake jin labarin marinar Ƙofar Mata da rijiyar Kusugu da ruwan Wikki na Yankari, ban taɓa ganin ko ɗaya ba. Daga gidanmu aka kawo ni gidan miji, unguwa biyu ce duniyata. Ba na so Hanan ta tashi haka.

Amma abin da kika hango gaskiya ne. Na san yadda makon farko yake a sabon gida: ba ki san mai markaɗe ba, ba ki san wane mai ruwa ne nasa yake da tsabta ba, ba ki san inda ake ɗura gas ba, ba maƙwabciyar da za ki miƙa wa yaro ki shiga wanka. Shi ya sa na kafa sharuɗɗa. Tukwanena biyu da turmina ƙarami da tukunyar gas tare za mu tafi. Makon farko a kowane gari zai ajiye aiki, shi zai yi zirga-zirgar. Ƙanwata da ta gama sakandare tana jiran sakamako za ta bi mu, Mama ta amince. Azumi da sallah kuma a gida za mu yi su, ko muna ina. Turaren wutan da nake sayarwa ta waya ne dama, a tasha nake aikawa, zan ci gaba.

Abin da ban sami amsarsa ba shi ne zumunci. In an yi rasuwa ko haihuwa a dangi, daga Zariya zan zo in koma a yini. Daga Jos fa, da goyo?

Maman Walid:
To alhamdulillahi, tunda daga gare ki ne hankalina ya kwanta. Maganar ƙanwarki ita ta fi komai yi mini daɗi. Zumunci kam za a yi ƙorafi, ki shirya. Ki bi manyan dangi ɗaya bayan ɗaya ki yi musu sallama da bakinki kafin ku tafi, kada su ji a bakin wani.

Malam Lawal:
Na karanta duka, kuma har yanzu ina kan bakana game da hanya. Amma in an ce Zariya ce farko, ba ni da ta cewa, awa ɗaya da 'yan mintuna ce daga tashar Kawo. Ku yi zango ɗaya a can ku gani. In yaran sun rame ko karatu ya ja baya, ku dawo ba kunya. Jos kuma ka bari sai ka tambayi mutanen can halin da ake ciki a satin da za ku tashi, ba labarin wata uku baya ba. Kuma don Allah banda sanya hotunan yara da sunan unguwar da kuke a Facebook.

Jauro Bello:
Ka je kai kaɗai tukuna ka kwana biyu a unguwar. Ka yi sallar asuba a masallacinsu, ka gaida mai unguwa, ka gaya masa sana'arka da bakinka. Tsoron da Malam Lawal yake ji na baƙon da ba a san aikinsa ba, maganinsa ke nan.

Abban Sadiq:
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Yadda muka tsayar ni da ita yanzu: Zariya daga Satumba zuwa Disamba, Kano zango na biyu tunda akwai dangi, daga can mu riƙa kai yara Daura da Katsina a ƙarshen mako mu dawo. Na uku mun bar shi a buɗe. Malam Ibrahim, don Allah ka fara tambaya mana a Samaru, ɗaki biyu da falo, in da rijiya ko burtsatse a gidan ya fi. Sola ƙarama ina da ita zan tafi da ita.

Malama Hadiza:
Maman Sadiq, ki turo mini hoton sakamakonsu na zangon nan da jerin littattafan da suke amfani da su. Akwai wadda muka yi kwalejin horon malamai tare tana koyarwa a Samaru, zan tambaye ta inda suka tsaya a lissafin aji huɗu, mu ga ko akwai giɓin da za a cike wa Sadiq a cikin hutun nan kafin ku tashi.